Ina Rumbun Maganinmu?

Akwai ranar da ya kamata kowane ɗan Najeriya ya riƙe ta da kyau, amma da wuya ka sami wanda ya san da ita: 3 ga Maris, 2020. Ko mako ba a yi ba da gano mutum na farko mai ɗauke da korona a Legas, sai gwamnatin Indiya ta fitar da sanarwar taƙaita fitar da sinadarai da magunguna iri 26 zuwa ƙasashen waje. A cikinsu akwai farasitamol, akwai metronidazole da muka fi sani da Flagyl, akwai erythromycin da wasu daga cikin bitamin. Ba mugunta ta sa Indiya yin haka ba. Ita ma kusan kashi 70 cikin 100 na sinadaran da take haɗa magani da su daga ƙasar Sin take sayo su, masana'antun Sin kuwa a lokacin suna kulle. Da ta ga abin da ke tafe sai ta fara da 'ya'yanta, kamar yadda kowace gwamnati mai hankali za ta yi. Bayan 'yan makonni ta sassauta, amma an riga an gaya mana matsayinmu: in rana ta ɓaci, mu ne a ƙarshen layi.

Mu da muke da mutum sama da miliyan 200, a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na maganin da muke sha shigo da shi ake yi, akasari daga Indiya da Sin. Hukumar NAFDAC da kanta ta sha faɗin haka. Ragowar da ake cewa “na gida” ma, in ka bi salsala, garin sinadarin da shi ne ainihin maganin a jirgin ruwa ya zo. Mu namu shi ne mu cuɗa, mu buga ƙwaya, mu zuba a kwali. Hatta sitacin da ake haɗa ƙwayar da shi, mu da muka fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, mafi yawansa sayo shi muke yi. Wato farasitamol ɗin da uwa za ta jiƙa a cokali ta ɗura wa ɗanta a Ɗambatta ko Gumel, sai wata masana'anta a Sin ta buɗe, sai Indiya ta yarda, sai jirgi ya taso, sai an sami dala, sai kwantena ta kuɓuta daga tashar Apapa, sai tirela ta ƙetare shingaye ta iso Arewa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, yaron nan zai kwana da zazzaɓinsa. A 2020 kuwa kusan duk sun tsaya a lokaci guda.

Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labari. A watan Afrilun shekarar aka kulle gari, ga zafin bazara, ga azumi ya kama. Asibitoci masu zaman kansu da yawa suka rufe ƙofa, na gwamnati kuma ma'aikata suna ɗari-ɗari da marasa lafiya don ba a ba su isassun kayan kariya ba, har da yawa daga cikin likitoci suka kamu. Masu haƙar kabari ne suka fara kokawa cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Muka rasa malamai, da farfesoshi, da masu sarauta, da dattawan unguwa waɗanda babu jaridar da ta buga sunansu. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon bincike: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni a wannan ɗan tsakanin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana danganta su da korona. Allah Ya jiƙansu da rahama. To amma sauran fa? Sauran da yawansu masu hawan jini ne, da masu ciwon suga, da masu zazzaɓi, mutanen da suka shekara da shekaru suna lallaɓa rayuwarsu da ƙwaya ɗaya safe da yamma, sai aka wayi gari babu likita, babu mota, babu ƙwayar.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san tagar nan ta ɗakin magani. Ka miƙa takarda, ma'aikaci ya duba, ya ja layi a kan uku daga cikin biyar, ya turo maka ita ta ƙasan waya: “Baba, waɗannan babu, sai dai a waje.” A kwanakin lafiya sai ka tsallaka titi. A kwanakin kulle wajen ma babu. Na ga dattijuwa mai ciwon suga da take ajiye kwalbar allurar insulin a cikin leda, ta rataye ta a wuyan randa don sanyi, tana ɗaga ta sama tana duban abin da ya rage, tana rage adadin da likita ya yanka mata don ya kai ta ranar da za a buɗe gari. Na ga magidanci a gaban kemis yana cewa, “Yanka mini na kwana biyu, ɗana, in Allah Ya hore zan dawo,” mai kemis ya ɗauki almakashi ya raba katin maganin gida uku. Wannan rabin maganin shi ne yake koya wa ƙwayar cuta taurin kai, gobe ko an sha cikakke ba zai yi aiki ba. Ba laifin magidancin ba ne. Abin da ke aljihunsa ke nan.

Kuma kada wani ya ce wannan labarin Kano ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 627,000 a duniya, ƙarin 69,000 a kan na shekarar da ta gabata, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan ƙari saboda tsaikon da annoba ta kawo ne wajen gwaji da magani da rabon gidan sauro. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan cuta a duniya. Ku yi lissafin 'ya'yan wa aka binne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin Maris na 2020 shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya fito yana yabon kulorakwin a matsayin maganin korona, tun kafin bincike ya tabbatar da komai. Kafin gari ya waye mutane sun yi wa kemis-kemis tsinke a Legas da Abuja da sauran birane, farashi ya ninka har sau da dama, wasu suka ɗirka fiye da kima har aka kwantar da su a asibiti. Masu ciwon gaɓɓai da suka dogara da ɗan'uwansa hydroxychloroquine suka neme shi suka rasa. Kafin ƙarshen Afrilu Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa an kama kulorakwin na jabu a Kamaru, da Kwango, da maƙwabciyarmu Nijar. Daga baya bincike ya nuna maganin ba ya warkar da korona ko kaɗan. Dama tun 2017 hukumar ta ce ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa ko jabu ne ko mara inganci. Mai buga jabu ba ya son komai kamar ya ji an ce magani ya yanke. Ranar kasuwarsa ke nan, kuma ni a wurina ba shi da maraba da ɗan bindigar da ya tare hanya, sai ma dai shi ɗan bindiga ana ganinsa a guje masa.

Da guguwa ta biyu ta taso a farkon 2021 sai aka koma neman iskar shaƙa. 'Yan'uwan majinyata suna yawo da tukunyar oksijin daga wannan kamfani zuwa wancan, sai a lokacin gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 6.45 don kafa injinan samar da iskar a wurare 38. Alhali tun kafin korona ciwon haƙarƙari na nimoniya yake kashe mana dubban jarirai duk shekara saboda rashin wannan iskar, ba wanda ya kira taron gaggawa.

Maganar rigakafi kuwa ita ta fi ci mini rai. Ranar 2 ga Maris, 2021, jirgi ya sauka a Abuja da allura kusan miliyan 4 ta shirin COVAX, manyan jami'ai suka je filin jirgi tarba. A Indiya aka yi ta. Makonni kaɗan bayan haka cutar ta rincaɓe a Indiya, ta dakatar da fitarwa, muka zauna jiran tsammani. Ƙasashe masu arziki sun riga sun saye abin da ya ninka bukatarsu, sai da ya kusa lalacewa suka turo mana a matsayin kyauta. A watan Disambar 2021 aka kwashi allura sama da miliyan ɗaya da wa'adinta ya ƙare, aka kai bolar Gosa a Abuja, katafila ta bi ta kai. Shugaban hukumar lafiya matakin farko na lokacin, Dakta Faisal Shuaib, ya ce daga ranar ba za mu ƙara karɓar mai gajeren wa'adi ba. Ya yi daidai. Amma me ya kai mu ga miƙa hannu tun farko?

Ku sani, 'yan'uwa, ƙasar nan ta taɓa yin rigakafinta da hannunta. Tun wajen 1940 akwai ɗakin haɗa rigakafi na tarayya a Yaba, Legas, wanda ya yi na agana, da na cizon mahaukacin kare, da na shawara, har ana aika wa wasu ƙasashen Afirka. A 1991 aka rufe shi da sunan za a yi gyara. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu shi ma uba ne, gyara bai ƙare ba. An ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker, an raɗa wa abin suna Biovaccines, an sabunta ta a 2017, korona ta zo ta same mu ba mu cika ko kwalba ɗaya ba. A can Vom ta jihar Filato, cibiyar binciken cututtukan dabbobi tana nan tana yi wa shanu da kaji rigakafi. A Dakar, cibiyar Pasteur ta shafe shekaru sama da tamanin tana yin ta shawara. Ilimin bai gagare mu ba. Sakaci ne, da kuma daɗin kwangilar shigo da kaya.

Wani zai ce ai korona ta wuce, a bar tone-tone. Ina ta wuce? Darasin ne ya wuce mu. A 2023 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa, yara suna shaƙewa a gaban iyayensu, maganin karya dafin cutar kuwa sai da aka yi ta roƙo daga waje, don kamfanonin da ke yin sa a duniya 'yan kaɗan ne. A shekarar ce kamfanin magani na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa bayan shekara 51 a ƙasar nan, Sanofi ya bi baya, naira ta faɗi warwas, farashin Augmentin da abin shaƙar masu asma na Ventolin ya yi tashin gwauron zabo. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, hankalin masu shan maganin ƙanjamau da na tarin fuka ya tashi, sai da aka yi gaggawar cusa dala miliyan 200 a kasafin kuɗi don toshe ɓarakar. Sau nawa za a mare mu kafin mu gane?

Kakanninmu da ba su shiga aji ba sun san cewa gidan da babu rumbu ba gida ba ne. Ba ranar da fari ya zo ake gina shi ba, da kaka ake cikawa, a liƙe, a hana yara taɓawa. Duk mun taso muna jin ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da tanadin shekara bakwai. Magani ma haka yake. Ina rumbun maganin jiharku? Wata nawa zai ɗauke ku in aka rufe teku gobe? Wa ke riƙe da makullinsa? In ba ku san amsa ba, to ba ku tambaya ba ne, kuma shi ya sa ba a damu a gaya muku ba.

Kada kuma a ruɗe mu da cewa talaka ba ya iya wannan aiki. Bangaladash ta fi mu cunkoso, ba ta da arzikin man fetur irin namu, kuma a farkon shekarun 1980 kamfanonin waje ne suka mamaye kasuwar maganinta. A 1982 ta kafa dokar magunguna, wadda wani likita mai kishi, Zafrullah Chowdhury, yana cikin waɗanda suka tsara ta: aka soke ɗaruruwan magungunan banza, aka ware muhimmai, aka hana shigo da abin da za a iya yi a gida. Kamfanonin waje suka yi ta kumfar baki. Yau ƙasar tana yin kusan kashi 98 cikin 100 na maganin da take sha, tana kuma sayar wa ƙasashe sama da ɗari. Mu ma ba a ce babu motsi ba. NAFDAC ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022. Kamfanin Swipha na Legas ya sami shaidar ingancin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ƙwayar zinc ta gudawar yara a 2023, sannan a kan maganin kare masu ciki daga maleriya a 2024. A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magani. To amma umarni a takarda ba ya sauke zazzaɓi, sai an bi shi har bakin tashar jiragen ruwa an ga kwastan sun yi aiki da shi.

Saboda haka nake kira. Na fara da ku, alhazan Kwari da Singa da Dawanau, ku da Allah Ya buɗa wa. Mun ga filaza a kan filaza, mun ga gidajen mai suna kallon juna a titi ɗaya. Kusan duk manyan masana'antun magani na ƙasar nan suna Legas da Ogun da Anambra, alhali a nan cutar ta fi yawa, a nan yaran suka fi mutuwa. Sharaɗa da Bompai da Challawa cike suke da gine-ginen masana'antu da suka mutu. Ba a ce ku fara da rigakafi ba. Ruwan ƙarin da ake ɗaura wa mai amai da gudawa, mene ne in ba tsaftataccen ruwa da gishiri da suga ba? Ana ɗauko shi a tirela daga nisan kilomita dubu. Auduga da bandeji fa, mu da muke da Funtua da Gusau? Sitacin magani daga masararmu, ƙaro daga Yobe da Jigawa da Borno wanda ake fita da shi ɗanye a dawo mana da shi da tsada. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna yaye masana harhaɗa magunguna duk shekara, suna ƙarewa a bayan kanta ko a jirgin Saudiyya da Ingila. Ku kira su ku zauna. Za a ci riba, kuma sadaka ce mai gudana wadda ta fi a rubuta sunanka a jikin gini.

Amma babu ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa in bai san wa zai saya ba, kuma nan ne gwamnoni suke shigowa. Ranka ya daɗe, ba sai ka gina masana'anta ba. Ka yi alkawarin cewa asibitocin jiharka daga gida za su saya muddin kaya ya cika sharaɗin inganci, ka biya a kan lokaci, ka ba unguwar masana'antu wuta. Ka bar asusun jujjuya kuɗin magani ya yi aikinsa. Tun taron Bamako na 1987 aka san tsarin: a sayar da magani da rahusa, a juya kuɗin a sayo wani. Abin da ke kashe shi a ko'ina ɗaya ne, wani babba ya sa hannu ya “ranta”, ko a kwashe magani a yi rabon siyasa ba a mayar ba. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa kowace ƙasar Afirka za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya, amma kasafin tarayya ya shafe shekaru yana yawo a wajen kashi 5. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fita, shi ya sa ake sayar da akuya da gona a kan ciwon mako guda.

Masu kemis da dillalai, ku ne asibitin talaka, kun san haka. Ku sayi kaya inda za a iya bin sawunsa, ku daina shanya magani a rana da zafin rumfa, wanda ya ɓoye kaya ranar annoba don farashi ya hau ku fitar da shi daga cikinku tun kafin hukuma ta zo. Iyayenmu sarakuna da malamai, Allah Ya ƙara muku lafiya, an ga ƙarfinku a yaƙin shan-inna, da bakinku aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da ita a 2020. Huɗuba ɗaya a kan haramcin sayar da jabu da ɓoye magani za ta isa inda motar NAFDAC ba za ta taɓa zuwa ba.

Sauran aikin namu ne, ni da ku, kuma shi ya fi yawa. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, kuma wani kaso na kuɗin nan yana sauka kai tsaye a asusun ƙananan asibitocin mazaɓu, har da na sayen magani. Kuɗinku ne. Kowace mazaɓa ya kamata a ce tana da kwamitin da ke sa ido a kansa. Wa ke cikin na unguwarku? Yaushe suka zauna? Matasa masu waya a hannu, ga aikin da ya fi zagin juna a Facebook: ku je asibitin mazaɓarku cikin ladabi, ku gaida ma'aikata, ku tambayi wane magani ne babu kuma tun yaushe, ku rubuta, ku kai wa kansila da ɗan majalisa, ku karanta a rediyo. Iyaye mata, ku da kuke kwana a zaune da yaro a cinya, ku ɗauki maganar nan zuwa islamiyya da gidan suna da taron adashi. Mai hawan jini da mai suga, in da hali kada ka bari sai ƙwayar ƙarshe, kuma ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka miƙa kuɗi. Ku yi rajistar inshorar lafiya ta jiharku, in an ƙi ba ku magani da katin ku ɗaga murya.

In kuma masu neman ƙuri'a suka zo da atamfa da taliya, ku tsayar da su a ƙofar gida. Ku ce: Honarabul, wata nawa na magani ke cikin ma'ajiyar jiharmu yau? Nawa aka saki daga kasafin lafiya na bara, ba nawa aka rubuta ba? Injin oksijin na babban asibitinmu yana aiki ko ya zama ɗakin ajiye tarkace? Wanda ya amsa, ku sa ya maimaita a gaban mai unguwa da liman, a rubuta da kwanan wata. Wanda ya kasa, ku ce ya je ya nemo amsar, kuna nan kuna jiransa.